Ranar da Muka Kori Mutane Daga Lambun Dashe

Ranar wata Lahadi ce cikin watan Agusta na shekarar 1999, wata uku ke nan da sojoji suka miƙa mulki suka koma bariki. Ina da shekara goma, ina tsugune a gindin wani bedi, wato dogon yaro, gwangwanin farar ƙasa a gabana, guntun tsintsiya a hannuna. Aikin da Baba ya ba ni shi ne in shafe gindin duk bishiyar da ke bakin hanya, daga ƙasa zuwa daidai ƙuguna, kuma kada shafen wata ya fi na wata tsawo. Tun da hantsi nake abu ɗaya. Hannuwana sun yi fari fat, yatsuna suna zafi, zanen da Inna ta ce kada in ɗaura shi na ɗaura, ga shi ya gama ɓaci. Saura bishiya huɗu in gama sai hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu tattara kaya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a rumfar dashe muna kallon wahalar yini guda tana gangarowa daga jikin itatuwa tana bin ƙasa. Ni dai kuka ne kawai ban yi ba. Da ruwan ya tsagaita Baba ya leƙa sama, ya dube ni, ya ce, "Uwata, sai haƙuri, sakewa za mu yi. Gobe muna da baƙi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, kuma ya san in dai ya ce Uwata, to ko dutse ne zan ɗauka. Na sake dama farar ƙasa, muka koma bishiya ta farko.

Lambun na gwamnatin jiha ne, yana bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar 'Yandaka ka ɗan taɓa tafiya. A takarda yana da wani dogon suna na Turanci da ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Mu dai Lambun Dashe muke ce masa, saboda a can ake renon 'ya'yan itatuwa cikin baƙar leda. An ce tun asali don jama'a su sha iska aka yi shi, har da lilo guda biyu da bencina na siminti. Sai kuma aka kewaye shi da waya, aka kafa wani allo a bakin ƙofa mai ɗauke da dokoki: ba a shiga sai da izinin ofis, ba a tsinkar ganye ko 'ya'yan itace, ba a kiwo, ba a ƙwallo. Ofishin da ke ba da izinin kuwa yana can sakatariya, kuma ban san mutum ɗaya a unguwarmu da ya taɓa ganin ƙofarsa ba. Mahaifina, Malam Lawal, shi ne mai kula da lambun, shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Abokin aikinsa guda ne, Baba Bulus, mutumin kudancin Kaduna, mai kula da injin ban ruwa, wanda ya daɗe a garin har bakinsa ya fi na wasunmu Katsinanci.

Ƙofar gaba kullum a garƙame take. Amma ta baya, gindin wata tsohuwar tsamiya, wayar ta lanƙwashe ta bar kafa wadda babba zai iya wucewa in ya ɗan sunkuya, kuma ta nan kowa da kowa ke shiga. Baba ya san da kafar sarai. Sau biyu ofis na aiko masa da sabuwar waya don ya toshe, sau biyun yana kewaye dashen gwaba da ita saboda awaki. In an yi masa maganar sai ya gyara hula ya ce, "Ni ƙohwa aka ba ni tsaro, ga ta can kuma a ruhe."

Da sassafe mata ne ke fara shigowa. Gwaggo Dije, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, ita ce ta farko kullum, da kwandonta, tana tsinkar zogalen da za ta dafa ta yi kwaɗo ta sayar. Da wannan zogale take ci take sha. Wasu matan tafasa suke nema, wasu itacen da iska ta karyo, wasu ganyen bedi na wankan jego. In rana ta ɗaga sai dattawa su baje tabarmi ƙarƙashin mangwaro da 'yar rediyonsu, suna gyara duniya daga zaune. Ɗalibai masu shirin jarrabawa suna kai-komo tsakanin itatuwan turare, littafi a fuska, suna haddace abin da ba su gane ba. Ran Lahadi in an tashi coci, iyalan su Baba Bulus sukan zo da kuloli su yini, kuma ban taɓa wucewa ta gabansu ba a miƙo mini cinyar kaza ba. Ran Sallah mai hoto yakan kafa kyamararsa gindin giginya, layi har bakin kafa. La'asar kuwa tamu ce. Maza su kafa duwatsu huɗu su hau ƙwallo, mu mu zana 'yar gala-gala a kan hanya, ko mu zauna carafke kan benci har gwiwa ta yi sanyi. Faɗanmu duk a kan lilo yake. Dokar da muka kafa ita ce kowa turi ashirin, amma ni da nake 'yar mai lambu ƙirgena ba ya kai ashirin sai na ga dama. Ƙafafunmu sun ci ƙasar da ke ƙarƙashin lilon nan har ta yi rami biyu, in an yi ruwa su zama 'yan tafkuna.

Ba wasa kaɗai ke kai ni ba. Duk hutu da ƙarshen mako ina da aikina: in haɗa ƙasa da taki da yashi, in cika ledoji, in jera su sahu-sahu a rumfa, in bi su da butar ban ruwa safe da yamma. Baba bai yarda a zuba wa dashe ruwa daga tsaye ba, sai ka durƙusa ka zuba a hankali ta gefe. Yakan tsoma yatsa cikin ledar da na wuce, in ya ji ƙasan a bushe ba zai yi faɗa ba, sai dai ya ce, "Uwata, wanga hwa wanke mashi huska kika yi, bai sha ba." Mutum ne mai ƙarancin magana a gida, amma in yana cikin itatuwan nan sai ka ji yana 'yan maganganu shi kaɗai. Ya san shekarar da ya dasa kowace, ya san wadda ta taɓa ciwo ta warke. Inna takan tsokane shi ta ce da lambun nan mutum ne, da shi za a rubuta wa gadon gidanmu.

Akwai abu ɗaya da ke dagula wannan zama, shi ne zuwan manya. Ina ƙarama ƙwarai wani babban soja ya taɓa kawo ziyara ba zato, ya tarar da akuya tana cin fure, ga yaro a kan mangwaro. A gabanmu ya yi wa Baba tsawa, ya nuna masa allon dokoki da sanda, ya ce in ya sake ganin haka a bakin aikinsa. Ban manta yadda Baba ya tsaya ƙiƙam da hularsa a hannu ba. Tun daga ranar unguwa ta samu tsari. Da zarar an ji wani babba zai zo, sai a toshe kafa da ƙaya, a shafe itatuwa da farar ƙasa, a share hanya a yayyafa ruwa, Baba da Baba Bulus su sa kakinsu mai guga, kowa kuma ya zauna a gidansa. Babban ya zo ya zagaya, ya tambaya ko akwai matsala, a ce masa komai lafiya, ya shiga mota. Kafin ƙurar motarsa ta kwanta an janye ƙaya. Shekara da shekaru haka ake yi, ba a taɓa samun kuskure ba, har abin ya zame mana kamar yadda ake shimfiɗa wa baƙo sabuwar tabarma.

To, da farar hula suka hau sai takarda ta zo. Jiha ta ce wurare irin wannan sun yi mata yawa, za ta rufe lambun a ƙarshen shekara, sai fa in ƙaramar hukuma ta yarda ta karɓe shi ta ci gaba da riƙewa. In ta karɓa, Baba zai zauna da itatuwansa. In ta ƙi, za a sa wa wurin makulli na gaske, shi kuma a mai da shi duk inda aka ga dama. Ranar da ya kawo takardar gida bai ci tuwo ba, ni kuma ban gane komai ba sai wannan.

Nan fa gari ya ɗauka. Mutanen da suka yi shekara goma sha biyar suna magana ƙasa-ƙasa, yanzu kowa ya samu baki. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, a gidan suna, maganar ke nan. Wasu suka ce gara ƙaramar hukuma, ai tamu ce, shugabanta ma an san gidan ubansa, in ya yi ba daidai ba a same shi. Wasu suka ce ina, yau ta karɓa gobe za ka ga an yanka shi fili-fili. Direbobi da 'yan tireda suna cewa gari ya cika, tasha ake bukata da shaguna, ba wurin da tsofaffi za su riƙa gyangyaɗi ba. Tsofaffin da ake nufi kuwa, a cikin lambun suke zaune suna mai da martani, har gardama ta taɓa yin zafi aka yi kwana uku ana shimfiɗa tabarma biyu nesa da juna. Baba Bulus ya ce shi bai damu da wanda zai riƙe ba, in dai zai sayi man inji. Inna kuwa tana tankaɗe ta ce, "Jiha ko ƙaramar hukuma, ni dai a bar mani bawan Allah nan inda ya iya aiki."

Wanda ya ɗauki maganar a kansa shi ne kansilanmu, Mani tela, mutumin da yake ɗinka mini kayan makaranta tun daga aji ɗaya. Har lokacin in aka ce masa kansila sai ya waiga ya ga da wa ake. Shi ma a lambun nan ya yi karatun jarrabawarsa, don haka ya tsaya kai da fata a majalisa cewa wurin yana da amfani ga jama'a. Masu son tasha suka ce wace jama'a, wurin da yake a kulle? Da gardama ta ƙi ƙarewa aka kafa kwamiti na mutum biyar su zo su gani da idonsu. Mani ya biyo ta zaurenmu da saurinsa ya ce, "Malam Lawal, ran Litinin kwamiti na tahe, a shirya." Daga nan ya wuce wani taron bita da aka kira sababbin kansiloli na kwana uku. Shi bai ga abin da zai tsaya bayyanawa ba, Baba kuma bai ga abin tambaya ba. An ce a shirya, kuma shiri ɗaya muka sani.

Ban taɓa ganin unguwarmu ta haɗa kai kamar wannan karon ba. Har waɗanda suka raba tabarma suka shirya. Bayan sallar la'asar liman ya roƙi jama'a, saboda Allah da kuma darajar Malam Lawal, kada kowa ya kusanci lambu ran Litinin, masu awaki su ɗaure, masu yara su tsare. Samari suka zo da manjagara da baro, ba wanda ya kira su. Aka kwashe duwatsun ƙwallo. Aka goge zanen 'yar gala-gala. 'Yar hanyar da ƙafafu suka fitar daga kafa zuwa gindin mangwaro, aka kafce ta aka baza busasshen ganye. Ramukan ƙarƙashin lilo ni da hannuna na cike su da yashi, na bi da manjagara har wurin ya yi sumul, Baba ya naɗe lilon ya ɗaure a sama. Baba Bulus ne kaɗai ya yi magana, ya ce, "Malam Lawal, waɗanga hwa ba soja ba ne." Baba ya ce, "Babba ai babba ne, Bulus, ko da kaki ya zo ko da malum-malum." Aka yi dariya aka ci gaba da aiki. A wannan shirin ne ruwa ya wanke mini farar ƙasata.

Ran Litinin da safe aka ba ni gadin kafa, ko da wani zai manta. Na tsaya da 'yar sanda, ina jin kaina. Ba a jima ba sai ga Gwaggo Dije da kwandonta, don ita sanarwar masallaci ba ta kai mata ba. Na gaishe ta, na tare hanya, na ce yau ba shiga, manya za su zo. Ta ce ai kafin su karya kumallo ta gama. Na ce Baba ya ce ko waye. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oh, ni Dije! Sojan sun tahi sun bar mana ke?" Ta juya tana dariya, kwandon a ƙarƙashin hammata. Ranar ba ta ɗora tukunya ba, na kuma san haka tun lokacin da nake tare ta, amma sai na ji ai aikin gwamnati nake yi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka iso cikin fijo, Mani a tsakiyarsu, daga tashar mota suka ɗauko shi. Baba ya buɗe babbar ƙofa, wadda sai da aka zuba mata mai kafin ta yarda. Ni kuma na lallaɓo na raɓe kusa da lilo don in ga manya. Lambun bai taɓa yin kyau kamar ranar ba. Itatuwa sun yi layi da fararen gindi, ganye ya wanku da ruwan jiya, hanya tas, babu ko sawun kaza. Babu motsin kowa, sai kukan kurciya. Na ga Mani yana ta waige-waige, ya dubi gindin mangwaro, ya dubi filin ƙwallo, ya cire hula ya mayar. Na ɗauka kyan wurin ne ya ba shi mamaki, har na ji daɗi.

Shugaban kwamitin wani dattijo ne mai gilashi da farin gemu, yana tafe a hankali da ɗan littafi a hannu. Ya bar sauran suna duba inji, ya nufo lilo, ya ɗaga kai ya ga an ɗaure shi, ya dubi yashin da na baje. Sai ya gan ni. Ya yi murmushi ya ce, "'Yammata, ke ce ɗiyar mai lambu? Hwaɗa mani, yara na zuwa wasa nan?" Nan take na tuna allon dokoki, na tuna sandan sojan nan, na tuna Baba da hula a hannu. Na ce a raina wato tarko ne, sun ga babba ba zai faɗa ba shi ne suka biyo ta kan yarinya. Na durƙusa har ƙasa na ce, "A'a, ranka shi daɗe. Babu mai shigowa. Baba ba ya bari." Ya ce, "Ko ran Sallah?" Na ce, "Ko ran Sallah." Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya wuce. Na miƙe ina jin na ceci ubana.

Kafin magariba Mani ya faɗo zaurenmu, ko sallama bai gama ba. Inna ta ba ni ruwa in kai, na tsaya bayan ƙyaure saboda jin yadda ya ɗaga murya. "Malam Lawal, mi kuka yi mani haka? Wata biyu ina hwaɗa masu wurin nan cike yake da mutane, yau na kawo su sun iske maƙabarta! Mutane suka zo gani, ba hwarar ƙasa ba. Ina tsohhin? Ina yaran?" Baba ya ce, "Kai ka ce a shirya." Mani ya ce shugaban kwamitin mutumin kirki ne, da niyyar taimako ma ya zo, amma ya ce har tambaya ya yi, aka tabbatar masa babu mai shiga. Na ajiye kwanon ruwan a bakin ƙofa na koma cikin gida, Inna tana tambayata ko ciwon ciki ne.

An yi ƙoƙari, kada in ci haƙƙin mutane. Dattawa suka rubuta takarda suka dangwala hannu. Aka roƙi kwamiti ya dawo, har aka sa rana, unguwa ta fito kwanta da kwarkwata, Gwaggo Dije a sahun gaba da kwandonta. Mutum ɗaya ne ya zo daga cikinsu, ya duba taron ya ce ai wannan haɗa shi aka yi. Kuma gaskiyarsa, haɗa shi aka yi, kamar yadda aka haɗa na farkon. Rahoto ya riga ya shiga. Masu son tasha ba su yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Majalisa ta ƙi karɓar lambun. Da shekara ta ƙare aka zo da sabuwar waya aka toshe kafa, aka ɗauke inji, aka karɓi makulli a hannun Baba.

Baba Bulus ya yi ritaya ya koma garinsu. Baba kuma aka mai da shi sakatariya, yana ban ruwan wasu furanni a tukwanen siminti da ke bakin ofisoshi. Tukwane goma sha biyu ne, kafin ƙarfe tara ya gama, sauran yinin ya zauna kan benci yana gaida masu wucewa. Dashen da ke rumfa su suka fara bushewa a bazarar farko, muna hango su ta cikin waya. Daga baya masu itace suka samu tasu kafar. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya daina bi ta Ƙofar 'Yandaka, ko da kuwa ta nan ya fi kusa, kuma ya ƙara yin shiru a gida. Ni kuwa na haɗiye maganata. Na san da wuya a ce maganar yarinya ɗaya ce ta rufe lambu, na sha gaya wa kaina haka, amma duk ranar da na ga ya dawo daga aiki hannunsa tas babu ƙasa sai in tuna abin da na faɗa wa dattijon nan.

Sai da na yi aure na haihu biyu sannan na iya faɗa masa. Lokacin ya bar aiki, idonsa ya fara rauni. Na je gida wata Juma'a na same shi a tsakar gida, na zauna ina yanke masa farce, don ya fi sauƙi ka yi magana in ba ka kallon fuskar mutum. Na ba shi labarin dattijo mai gilashi daga farko har ƙarshe, na ce ya yafe mini. Ya bar hannunsa cikin nawa, ya ce, "Ai na ji ki, Uwata. Ina bayan lemun nan, ko taku biyar babu tsakaninmu." Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Kuma wallahi daɗi na ji. Har na ce ma uwarki yarinyar nan ta yi hankali. Abin da na koya maki kika hwaɗi, mi zan yahe?" Ya miƙo mini ɗaya hannun. Shekara goma sha uku ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ashe shi ma yana ɗauke da nasa, kuma nasa ya fi nawa nauyi. Na ƙarasa yankan farcen da ƙyar, don ba na gani sosai.

Yanzu wurin tasha ne da layin shaguna, kuma ba zan ce ba ya amfanar mutane ba, ni kaina a can nake hawa mota. Baba ya rasu, Gwaggo Dije ta riga shi, Mani ya koma kan keken ɗinkinsa tun bayan zango ɗaya. 'Ya'yana a kan titin ƙofar gida suke ƙwallo, suna tsayawa duk lokacin da babur zai wuce, kuma in na ce musu a garin nan akwai inda yaro zai yi gudu har ya gaji bai ci karo da bango ba, sai su ɗauka tatsuniya ce. Amma na lura da wani abu a tare da su. In baƙo ya tambaye su abin da suke so, sai su faɗa kai tsaye, ko shi wane ne, har wani lokaci in ji kunya ta kama ni in buɗe baki zan kwaɓe su. Sai in fasa. Mu mun so wurin nan ƙwarai, ba a dai taɓa koya mana cewa ana iya faɗin haka a gaban manya ba.